Beli Kyauta Ne, To Kuɗin Mene Ne Ake Karɓa a Caji Ofis?

Da wuya ka shiga caji ofis a Najeriya ba ka ga an rubuta a bango cewa beli kyauta ne ba. A gindin wannan rubutun ne dangin wanda aka kama suke tsayawa suna karo-karo, wannan ya kawo dubu biyar, wancan ya ruga wurin mai POS ya ciro dubu goma, har a haɗa abin da aka yanka musu. Can kuma sai a ji a rediyo kotu ta ba da belin wane a kan naira miliyan 500, jama'a su riƙe baki suna tambayar inda zai samo kuɗin.

Ruɗanin ya fito fili a ranar 1 ga Nuwamba, 2024, lokacin da aka gurfanar da wasu matasa da ƙananan yara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Yawancinsu daga Kano da Kaduna aka kwaso su. Wasu sun yanke jiki sun faɗi a cikin kotun. Alƙali ya ba da belin kowannensu a kan naira miliyan 10 da masu tsayawa biyu, ɗaya daga ciki babban ma'aikacin gwamnati. Kwana uku bayan haka shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, ƙura ta lafa. Tambayoyin kuwa suna nan. Shin biyan waɗannan miliyoyin ake yi? Kwana nawa doka ta yarda a riƙe mutum? Me ke hawa kan wanda ya tsaya wa wani? Me ya sa wani zai shekara biyar a gidan yari alhali ba a taɓa sauraron shari'arsa ba?

Abin da kalmar beli take nufi

Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa. Daga nan beli ya samo tushe. Tunda ba a same shi da laifi ba tukuna, babu dalilin kulle shi sai tsoron kada ya gudu, ko ya ɓata hujja, ko ya sake aikata wani abin. Sai a bar shi ya koma gida a kan alkawarin zai dawo duk ranar da aka neme shi, a kuma nemi wani ya lamunce masa. Kuɗin da ake ambata shi ne abin da za a ci su idan alkawarin ya karye. Idan alƙali ya ce miliyan biyar, mai tsayawa yana sa hannu ne cewa gwamnati za ta bi shi bashin miliyan biyar ranar da mutumin ya ƙi zuwa kotu. Muddin yana zuwa, ko sisi ba ya fita daga aljihun kowa.

Akwai togiya ɗaya. Sashe na 165 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ya ba kotu damar ta ce a ajiye tsabar kuɗi ko wata kadara kafin a saki mutum. Ko wannan ajiya ce, a asusun kotu take zama da rasit, kuma ana mayar wa mai ita idan an gama shari'a. Kotu ce kaɗai ke da wannan ikon. Ba a ba ɗan sanda shi ba.

Wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malaman Malikiyya sun kasa lamuni gida uku: lamunin dukiya, lamunin fuska, wato ka ɗauki nauyin kawo mutum da kansa, da lamunin nema. Belin kotu lamunin fuska ne aka ɗaura masa na dukiya a wutsiya.

Mutane da yawa suna cakuɗa beli da tara. Tara hukunci ce, tana zuwa bayan an sami mutum da laifi, kuma ba a dawo da ita. Lokacin da ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar a Nuwamba 2023 cewa an haɗa naira miliyan 585 don fitar da fursunoni 4,068, tara da diyya aka biya musu, don an riga an yanke musu hukunci. Masu jiran shari'a ba sa cikin wannan lissafin.

Wace doka ce ke aiki a ina

Kundin Tsarin Mulki da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 suna aiki a ko'ina cikin ƙasar. ACJA kuwa ta kotunan tarayya ce da na Abuja. Jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, suka maye gurbin tsohuwar dokar tsarin shari'ar laifuka, CPC, ta 1960 da Arewa ta daɗe a kanta. Ma'anar tana kusa da juna amma lambobin sassan sun sha bamban. Don haka wanda ke tsaye a gaban DPO a Gusau ko Azare ya fi dacewa ya kafa hujja da Kundin Tsarin Mulki da Dokar 'Yan Sanda, don su babu mai ce masa ba na jihar nan ba ne.

Kwana ɗaya ko biyu, da inda lissafin ke canzawa

Sashe na 35 na Kundin ya fayyace abin. Wanda aka kama dole a sanar da shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, dalilin kama shi. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40. Idan babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. A cikin birnin Kano ko Kaduna ko Sakkwato babu caji ofis ɗin da zai ce kotu ta yi masa nisan kilomita 40.

Sashe na 30 na ACJA ya ɗora a kai: idan laifin ba mai hukuncin kisa ba ne, kuma ba zai yiwu a kai mutum kotu cikin awa 24 ba, shugaban ofishin ya ba da belinsa. Idan aka ƙi, sashe na 32 ya ce a sanar da kotu a madadinsa, kotu ta sa a kawo shi ta binciki dalilin tsarewar, kuma ana iya neman belin da baki ko a rubuce. Wannan sashen mutane ƙalilan ne suka san da shi.

Lissafin yana canzawa a wuri biyu. Na farko laifukan da hukuncinsu kisa ne, irin su kisan kai da gangan, fashi da makami da cin amanar ƙasa. Sashe na 35(7) na Kundin ya cire su daga wannan wa'adin, kuma ɗan sanda ba shi da ikon ba da belinsu. Na biyu Dokar Ta'addanci ta 2022, wadda ta ba kotu damar ba da izinin tsare mutum har kwana 60 ba tare da an ji ta bakinsa ba. Shi ya sa sunan da aka rubuta wa laifi a takardar farko yake da nauyi ƙwarai. Faɗan da aka ƙwace waya a cikinsa, idan aka rubuta shi sata, mutum zai kwana gida. Idan aka ƙara kalmar wuƙa aka mayar da shi fashi da makami, ya fita daga hannun DPO da majistare gaba ɗaya.

Kamun yammacin Juma'a kuma sananne ne. Kotuna ba sa zama Asabar da Lahadi, dangi suna ganin kwana uku a sel a gabansu, sai farashi ya tashi. Amma ikon DPO na ba da beli ba shi da ranar hutu.

Kuɗin da ake karɓa a kanta

Babu wata doka a Najeriya da ta sa kuɗi a kan belin 'yan sanda. Babu kuɗin fom, babu kuɗin biro, babu kuɗin fayil. Abin da ake buƙata shi ne mai tsayawa ya zo da katin shaida, hotuna ƙanana, adireshin da za a iya zuwa a gani, ya rubuta takardar neman beli, ya sa hannu a fom. Mace tana da ikon tsayawa. Sashe na 167(3) na ACJA ya hana a ƙi mutum don kawai mace ce, duk da cewa har yau ana cewa uwa ko mata "je ki kawo namiji".

To me ya sa ake biya? Ka dubi halin da dangi ke ciki. Sun ga an tuɓe wa ɗansu takalmi da bel, an karɓe wayarsa, an tura shi bayan kanta. Sun kawo abinci a kula an ce sai sun ɗanɗana kafin a miƙa. Mai bincike ya ja babban wa gefe ya ce masa da murya ƙasa-ƙasa, in ba a yi wani abu ba gobe kotu za a kai, daga can kuma sai gidan yari. A wannan lokacin dubu talatin ba ta da yawa a idon kowa. Abin da ake saye shi ne kauce wa kotu, don talaka yana tsoron kotu fiye da sel.

'Yan sanda ma suna da abin faɗa. Ofisoshi da yawa kuɗin gudanarwar da ke isa gare su bai isa sayen takarda da man mota ba, balle ciyar da waɗanda ke tsare. Shi ya sa mai kai ƙara ma ake ce masa ya kawo kuɗin mai. Wannan gaskiya ne, kuma laifin masu kasafi ne. Sai dai kuɗin da ake karɓa ba shi da rasit, ba ya shiga wani asusu, kuma ya mayar da kamu sana'a: duk wanda aka kwaso a samamen dare ya zama kuɗin shiga. A san kuma cewa dokar hukumar yaƙi da cin hanci, ICPC, ta 2000 ta haramta ba da cin hanci kamar yadda ta haramta karɓa.

Abin da ya fi aiki a aikace shi ne a ɗaga maganar daga hannun mai bincike zuwa DPO, a rubuce, a riƙe kwafi. Idan bai yi ba, akwai kwamandan yanki, akwai kakakin rundunar jiha, akwai sashen karɓar ƙorafi na CRU da rundunar ta kafa a 2015. Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda take nan tun 1976, tana da ofisoshi a jihohi kuma aikinta kyauta ne ga marasa hali. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 a sashe na 66(3) ta ce kowane ofishin da DPO ke shugabanta a sa masa ɗan sanda lauya mai kula da haƙƙin ɗan Adam, kodayake ba ko'ina aka cika wannan ba. Sau da yawa zuwan lauya kawai, ko da bai ce komai ba, yana sa kuɗin ya ɓace daga maganar.

Kama wani a madadin wani, da kamu saboda bashi

An zo neman yaro ba a same shi ba, sai a tafi da mahaifinsa ko matarsa "har sai ya kawo kansa". Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda da sashe na 7 na ACJA sun haramta wannan kai tsaye. Musulmi ba ya buƙatar lauya ya gaya masa haka. A Suratu Yusuf, da 'yan uwan suka roƙi a riƙe ɗayansu a madadin ƙaninsu, amsar da aka ba su ita ce Allah ya tsare a kama wani in ba wanda aka sami kayan a wurinsa ba. Idan ana zargin uban da ɓoye mai laifi, wannan tuhuma ce daban da za a rubuta da sunansa a kawo hujja a kanta.

Batun bashi ya fi wannan santsi. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda da sashe na 8(2) na ACJA sun ce ba a kama mutum don kawai rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya, kuma kotuna sun sha nanata cewa 'yan sanda ba hukumar karɓar bashi ba ce. A ce ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya ba wani atamfa ta naira dubu 800 bashi, kasuwa ta faɗi, wa'adi ya wuce. Wannan maganar kotun farar hula ce ko kotun shari'ar Musulunci. To amma mai kaya ya san shari'a tana jan lokaci, sai ya je caji ofis ya ce an ci amanarsa, a rubuta sashe na 312 ko 322 na dokar laifuka ta Penal Code, cin amana ko zamba. Bambancin yana cikin yadda kayan suka shiga hannun mutum. Idan sayar masa aka yi bashi, kayan sun zama nasa, abin da ya rage bashi ne. Idan ba shi aka yi ya sayar ya kawo kuɗi sai ya karkatar, ko kuma tun farko da ƙarya ya karɓa, nan akwai ƙofar laifi. Cekin da banki ya mayar don babu kuɗi shi ma laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977, mai ɗaurin shekara biyu.

Masu kai irin wannan ƙarar su sani, idan wanda aka tsare ya garzaya babbar kotu, ba 'yan sanda kaɗai yake haɗawa ba. Wanda aka tabbatar ya yi amfani da su don karɓar bashi shi ma ana iya ɗora masa diyya.

Kafin a sa hannu ko a dangwala

Sashe na 35(2) na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Sashe na 17 na ACJA ya ce ana ɗaukar bayani a gaban lauyansa, in babu, a gaban jami'in hukumar agajin lauyoyi ko wani da ya aminta da shi. Ga inda abin ya shafi Bahaushe musamman: ya yi bayani da Hausa, an rubuta da Turanci, an miƙo masa ya dangwala yatsa. Doka ta ce dole tafinta ya karanta masa har ya fahimta, tafintan ya rubuta sunansa da adireshinsa ya sa hannu. Wanda bai iya Turanci ba ya nace a kan wannan, don wannan takardar ce za a ɗaga a kotu bayan shekara uku a ce ga abin da ya faɗa da bakinsa.

Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga mai azabtarwa. Kotun Ƙoli a hukunce-hukuncenta na 2023 da 2024 ta ƙarfafa cewa sharaɗin ɗaukar iƙirari a bidiyo ko a gaban lauya wajibi ne. Lokacin da ake ƙalubalantar iƙirari shi ne daidai sa'ad da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ga kotu. Wanda ya yi shiru a nan ya ba kansa aiki mai wuya daga baya.

A gaban alƙali

Laifuka hawa uku ne a wurin beli. Ƙananan laifuka, beli haƙƙin mutum ne sai in kotu ta ga wani dalili. Waɗanda hukuncinsu ya wuce ɗaurin shekara uku, sashe na 162 na ACJA ya ce a ba da beli sai dai in akwai dalilin tsoron zai gudu, ko zai sake laifi, ko zai tsorata shaidu, ko zai ɓoye hujja, ko zai kawo cikas ga bincike. Laifukan da hukuncinsu kisa ne kuwa alƙalin babbar kotu ne kaɗai zai ba da belinsu, kuma sai da dalili na musamman. Sashe na 161 ya ambaci rashin lafiya mai tsanani da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, da jinkirin da ya wuce shekara ɗaya ba a fara shari'a ba. Ciwo kawai bai isa ba. A shari'ar Mohammed Abacha ta 2002 Kotun Ƙoli ta nuna cewa sai an tabbatar hukumar da ke tsare da mutum ba za ta iya kula da ciwon ba. A ta Dokubo-Asari a 2007 kuma ta hana beli bisa dalilin tsaron ƙasa.

Doka ta ce kada sharuɗɗa su yi tsauri. A nan ne aka fi yi wa talaka rashin adalci cikin ladabi: an ba shi beli da hannun dama an karɓe da na hagu. Lebura daga ƙauye a ce ya kawo darakta a ma'aikatar gwamnati mai gida a cikin birni. A 2019, a shari'ar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soki sharaɗin kawo babban ma'aikacin gwamnati ta kuma cire shi, amma bayan shekara biyar irinsa aka gindaya wa yaran zanga-zanga. Masu kare tsaurin suna cewa ma'aikacin gwamnati ne kaɗai ake da tabbacin inda za a same shi, a ƙasar da adireshi ba shi da tabbas. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai abin da ta haifar shi ne masu sana'ar tsaya wa mutane da ke zagaye harabar kotu da takardun fili na bogi, suna karɓar kaso.

Wanda sharuɗɗa suka fi ƙarfinsa ba zama zai yi ba. Ana shigar da buƙatar sassauci a kotun da ta gindaya su, ko a babbar kotu, tare da takardar rantsuwa mai bayyana sana'arsa, abin da yake samu da mutanen da zai iya kawowa.

Nauyin da ke kan mai tsayawa

Sanata Ali Ndume ya tsaya wa Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, a kan naira miliyan 500, ya jingina gida a Abuja. Maina ya daina zuwa kotu. A ranar 23 ga Nuwamba, 2020, Mai Shari'a Okon Abang ya tura sanatan gidan yarin Kuje, inda ya yi kwanaki kafin a ba da belinsa. Daga baya aka kamo Maina a Jamhuriyar Nijar aka dawo da shi, a Nuwamba 2021 aka ɗaure shi shekara takwas. Idan sanata mai ci ya kwana a Kuje saboda sa hannu ɗaya, malamin firamare ya san inda ya tsaya.

Tsarin shi ne, in wanda ake tuhuma ya ɓace, kotu ta kira mai tsayawa ya kawo shi ko ya faɗi dalilin da zai hana a ci shi kuɗin. In bai gamsar ba a karɓi kuɗin ko a sayar da kadarar, in ba a samu ba sashe na 179 na ACJA ya ba da damar ɗaure shi har wata shida. Kotu tana iya rage adadin idan ta ga ya yi ƙoƙarin nema. Laifin ainihi ba ya komawa kansa, kuma bashin da ake bin wanda ya gudu ba ya zama nasa, sai in ya rubuta da hannunsa cewa ya ɗauka. Wannan tarko ne da ake yawan ɗanawa a caji ofis: a cikin takardar beli a cusa layin cewa mai tsayawa zai biya kuɗin. A karanta kafin a sa hannu.

Akwai mafita ga wanda ya fara ganin take-taken gudu. Sashe na 177 ya ba shi damar zuwa kotu a kowane lokaci ya ce ya janye. Kotu za ta sa a kawo mutumin, ta sauke masa nauyi, ta nemi wancan ya kawo wani. Amma sai yana hannu ake yin haka.

Ajiya a gidan yari, inda mutane ke ɓacewa

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba. Hanyar da yawancinsu suka bi guda ce. 'Yan sanda su kai tuhumar kisa ko fashi gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraronta. Ba zai tambayi mutum ya amsa laifi ko bai amsa ba, sai dai ya ba da umarnin a ajiye shi, a tura fayil ma'aikatar shari'a don ta ba da shawara. Daga nan sai abin da hali ya yi. Fayil ya kwanta a ofishin 'yan sanda don babu mai biyan kuɗin kwafi. A yi wa mai bincike canjin wurin aiki. Motar kai fursunoni kotu ta lalace. Kotun Ƙoli ta halatta irin wannan ajiyar a shari'ar Lufadeju da Johnson ta 2007, kuma lauyoyi da yawa har yau suna ganin hukuncin ya buɗe ƙofar da ta yi faɗi.

ACJA ta yi ƙoƙarin sa wa abin linzami a sassa na 293 zuwa 296. Ajiyar farko kada ta wuce kwana 14. Ana iya ƙara 14 idan an kawo dalili a rubuce. Bayan haka kotu ta aika wa kwamishinan 'yan sanda da antoni janar sammaci su zo cikin kwana 14 su faɗi abin da zai hana a saki mutumin. In sun gamsar, a ba su 14 na ƙarshe. Jimla kwana 56, daga nan kotu ta sallame shi. Sashe na 376 ya ba antoni janar kwana 14 ya fitar da shawara bayan fayil ya iso masa. Sashe na 34 kuma ya wajabta wa majistare ya ziyarci caji ofisoshin yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ba da beli inda yake da hurumi. Dokar ba ta da laifi a takarda. Matsalarta ita ce kwana 56 ɗin ba sa ƙirga kansu, sai wani ya tashi a kotu ya tuna wa alƙali, kuma wanda ba shi da lauya babu mai tashi dominsa.

Hanyoyin fita uku ne. Neman beli a babbar kotu, wanda ba ya jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Ƙarar kare haƙƙi a ƙarƙashin sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki da ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009, wadda ɗan uwa ko wata ƙungiya za su iya shigarwa a madadin wanda ke tsare, kuma sashe na 35(6) na Kundin ya tanadi diyya da ba da haƙuri a bainar jama'a, kodayake karɓo kuɗin daga hukuma wani yaƙin ne. Sai ziyarar babban jojin jiha gidan yari, wanda dokar 1977 ta ba ikon sakin wanda ya zauna fiye da abin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin. Ko umarnin kotu ma ba koyaushe ake binsa ba. Dasuki ya sami beli daga kotuna da dama, kotun ECOWAS ta ce a sake shi a 2016, bai fito ba sai 24 ga Disamba, 2019.

Duk hanyoyin nan suna buƙatar bayanan da dangi kan manta su ɗauka ranar da hankali ya tashi. Tun a ranar farko a sami littafi a rubuta ranar kamu da lokacinsa, sunan caji ofis da sashen da ke riƙe da maganar, sunan ɗan sanda mai bincike da lambar wayarsa, sunan kotu da lambarta, lambar ƙara, sashen dokar da aka rubuta, ranar da aka ba da umarnin ajiya da ranar da aka ce a dawo. A nemi kwafin takardar ƙara da ta umarnin ajiya daga wurin magatakardan kotu. Lauyan da aka kawo wa waɗannan zai iya rubuta takardar neman beli a yini ɗaya. Wanda aka ce masa kawai "an kai shi kotun nan ta kusa da kasuwa bara da azumi" zai yi makonni yana neman fayil kafin ya fara komai.